Fadar Topkapi: Ɗakin Amanoni ko Ɓangaren Matan Sarki?

Hajiya, kin tambaya wanne za ki gani a Topkapi, fadar sarakunan Turkiyya na da a Istanbul: Ɗakin Amanoni, inda aka ajiye kayan tarihin Musulunci, ko Harem, wato ɓangaren matan sarki. Awa biyun nan da kike da su kafin ki koma unguwar Laleli ɗaurin kaya ba za su ishe ki duka biyun ba. Ki wuce Ɗakin Amanoni kai tsaye, Harem kuwa ki bar shi sai wani zuwan.

Ɗakin yana farfajiya ta uku. Kayan cikinsa sun fara taruwa a Istanbul ne bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, wasu daga Alƙahira aka kwaso su, wasu kuma Sharifin Makka ne ya aiko. Tun kina kan layi karatun Alƙur'ani zai fara ratsa ki, domin mahaddata ne ke karɓa-karɓa a wurin dare da rana. Za ki ga takubban da ake dangantawa da Halifofi huɗu da Khalid ɗan Walid, da tsoffin mabuɗan Ka'aba, da gidan da aka taɓa sanya wa Hajarul Aswad.

Da na kai mahaifiyata, a gaban tsohon indararon Ka'aba ta kafe. Ta ce a aikin Hajji daga nesa kawai take hango na yanzu ta wajen Hijiri Isma'il, ga turmutsutsu, yau kuma ga wanda ya riga shi, gilashi kaɗai ne tsakaninsu. Tana share hawaye da gefen mayafi, sai wata tsohuwa 'yar Indunusiya ta kama hannunta ta riƙe, babu mai jin yaren wata a cikinsu. Da ƙyar na janye ta saboda mutanen da ke bayanmu.

Abu biyu zan gaya miki tun yanzu don kada ranki ya sosu. Mayafin Manzon Allah (SAW), wanda ake cewa shi ne ya ba Ka'abu ɗan Zuhairu, yana rufe cikin akwatin zinariya. Akwatin za ki hango, ba mayafin ba. Su kansu sarakunan, a zamaninsu, a ranar 15 ga Ramadan suke zuwa ziyararsa duk shekara. Sannan akwai sandar da aka ce ta Annabi Musa ce, da rawanin Annabi Yusuf. Ni dai ina dubansu da ladabi, amma zuciyata ta fi natsuwa da mabuɗan nan, tunda su da rubutu a jikinsu da sunayen sarakunan da suka sa aka ƙera su. Ba a ɗaukar hoto a ciki, ki mayar da waya jaka.

Harem fa? Lokacin da na je tikitinsa daban ne, na kuma biya. Tangaran ɗin bangon yana da kyau, ba zan hana shi ba, musamman ɗakin Sarki Murad na Uku. Amma ɗakuna ne sama da 300, kaɗan ake buɗewa, yawancinsu wayam, ga dogayen lunguna masu cin ƙafa da lokaci. Idan minti ashirin ya rage miki, gara ki leƙa Baitulmali, tunda farfajiyarsu ɗaya da Amanoni, ki ga lu'ulu'un nan mai karat 86 da wuƙar nan mai manyan zumurrudu uku a ƙota.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da samarin da ke tare baƙi daga tashar taram (jirgin ƙasan cikin gari) ta Sultanahmet zuwa ƙofar fada. Da sallama suke farawa, har da “Najeriya, 'yan'uwa”. Wani zai ce an rufe sai bayan Azahar, ki zo ki sha shayi a shagon kawunsa, ƙarshenta darduma za a ɗora miki da farashin da ba ki yi niyya ba. Wani kuma tikitin tsallake layi zai tallata miki. Kada ki ba kowa kuɗi a titi. Ki saya a wurin sayar da tikiti na fadar, kuma duk wanda ya ce shi ɗan jagora ne ya nuna miki katinsa na hukuma.

Ranar Talata a rufe fadar take. Ki hau taram T1 daga Laleli, ki isa ƙofa da ƙarfe 9 na safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutanensu.