Mario na gidan kallo, yanzu haya nake biya masa a Ingila

Ranar hutuna na shiga wani shagon gem a tsakiyar Birmingham, irin mai sayar da sabo da na hannu, na tambayi yaron shagon ko suna da kaset ɗin Mario na da, wanda ake tsalle a kan kunkuru. Yaron nan ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da muke wasan, amma ya gane. Ya ce ba sai da kaset ba. Ya ɗauko na'urar gem ta Nintendo Switch ya nuna mini: ka biya kuɗin shekara, ka sauke manhaja, shi ke nan. Na sayi ta hannu, na koma ɗaki na jona ta da intanet ɗin gidan. Wallahi ruwan shayina bai tafasa ba komai ya sauka.

Jama'a, sai ga su a jere. Super Mario Bros. na 1985, Donkey Kong, Ice Climber mai fasa ƙanƙara da guduma, Excitebike mai babur. Tun 2018 kamfanin ya fara zuba waɗannan, a 2019 ya ƙara na Super Nintendo, a 2021 ya kawo na Nintendo 64 da na Sega. Tsarin biyan iri biyu ne: ƙaramin kusan fam 18 na biya a shekara, babban mai Sega a ciki kusan fam 35 ne. Ban daɗe ba na koma babban, saboda Sonic da Streets of Rage.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maɓallin komawa baya. Ka faɗa rami, ka danna, a mayar da kai kafin faɗuwar. Ka ajiye wasa inda kake so, ka tafi aiki, ka dawo ka ɗora. Duk wanda ya yi gem a gidan kallon ƙauyenmu na wajen Ringim ya san darajar wannan. Mu da muke kaiwa mataki na takwas da gumin goshi, sai janareta ya yi tari ya mutu, a koma farko, mai gidan kallo kuma ya ce lokacinka ya ƙare, kuɗinka ya ciwu. Kaset ya ƙi kamawa a ciro a hura masa iska da baki, adafta ta yi zafi a kashe a yi mata fifita da kwali. Da kiɗan farkon wasan ya tashi a ɗakin nan sai da na ajiye hannun gem ɗin na yi shiru, don ƙanshin gyaɗar da ake soyawa a ƙofar gidan kallon har shi na ji.

A shagon ne kuma na ga na asali. Kaset ɗinmu mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa 9999999 in 1, wanda in ka duba wasa 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna, jabu ne, na'urar ma jabu ce, kwaikwayon Famicom, na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Na gaskiyar suna cikin akwatin gilashi a kulle, da kwalinsu da ɗan littafin bayaninsu, wasu kuɗinsu ya fi na sabon gem. Mutum ya ajiye abin wasan yarintarsa shekara talatin ko kwalin bai yage ba. Ina namu? An ba yara sun fasa, saura ya tafi wajen 'yan jari-bola a kan alewa. Ba gem kaɗai ba. Rediyon Baba, hotunan aurensu, takardun gona, duk haka muke yi musu. Sai abu ya ɓace mu fara cewa Allah sarki zamanin da.

To amma kada a ɗauka komai daɗi ne. Wasannin nan ba nawa ba ne. Ranar da na daina biya, ranar za a rufe ƙofa, zanen aro dai ba ya rufe katara. Na'urar kuma sai ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 7 don a tabbatar kana cikin masu biya, in ba haka ba wasan ya ƙi buɗewa. Kantunan intanet na na'urorin Nintendo ma ba su dawwama: na Wii an rufe shi a 2019, na 3DS da Wii U a Maris 2023. Wanda bai saya ba kafin lokacin ya makara. Wasan harbin agwagwa da bindigar roba kuwa, ko ka samo na asali, bindigar ba ta aiki da talabijin ta bango, sai tsohuwar nan mai ƙeya. A ɓangaren Sony, PlayStation 5 da ta fito a 2020 ba ta karanta faifan PlayStation na farko da na biyu, wato PS1 da PS2. Ana samun wasu tsofaffin wasannin ta babban matakin tsarin biyansu, PlayStation Plus, matakin da aka buɗe a 2022, kuma na bi jerin ban ga wasan ƙwallon Winning Eleven ɗin da muke kashe juna a kai ba. Xbox ce ma ta yi abin kirki, tun 2015 take karɓar faya-fayan Xbox 360 da yawa.

Na kawo wannan ne saboda ƙanena da ke ta turo saƙon murya: Yaya a aiko da sabuwar na'urar gem, zan buɗe gidan gem a bakin tasha. Na san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba. Ɗan'uwa, Mario na farko gaba ɗayansa kilobait 40 ne, hoto ɗaya a wayarka ya fi shi nauyi. Sababbin wasanni kuwa wani ya haura gigabait 50, ban da sabuntawar da ke biyo baya. A garin da sai ka hau tudun bayan firamare kafin saƙon WhatsApp ya tafi, da me za ka sauke? Ga biyan shekara da kuɗin waje ta kati. In ta lalace kuma wa zai buɗe ta? Ka shiga Kano ka nemi PS2 ko PS3 mai lafiya. PS2 tun 2000 take, an sayar da fiye da miliyan 150, masu gyara sun san cikinta kamar tafin hannunsu. Ragowar kuɗin ka sa a sola da batir.

Sai dai ka gwada ta a gaban mai shago kafin ka biya, don ka san halinmu. A nan doka ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kayan da ya samu da matsala a ba shi kuɗinsa, na hannun ma da rasit da garanti aka ba ni. Mu kuwa kana taka ƙofar shago zuwa waje an gama magana. Ka dawo a ce kai ka ƙona, wutar gidanku ce, a haɗa da rantsuwa, mutumin da kuka yi sahu ɗaya a sallar azahar.

Duk da haka daɗin bai kai na gida ba. Ni kaɗai nake yi, da sautin a ƙasa don kada maƙwabci ya ƙwanƙwasa bango. Ba mai tsaye a kaina yana cewa yi tsalle, yi tsalle, ba dokar wanda aka ci ya miƙa hannu, ba mai yi mini dariyar mugunta har gobe a kasuwa. Ana iya haɗuwa da aboki ta intanet a yi tare, amma kowa na nan aikinsa ya sha masa kai, wanda ya tashi daga aikin dare barci yake nema.

Abu ɗaya nake so masu gidajen gem su ɗauka. Kowane kwalin gem a nan da lambar shekaru a jikinsa, 3, 7, 12, 16 ko 18, kuma tun 2012 laifi ne shago ya sayar wa yaro na 12 zuwa sama in bai kai ba. A gabana aka hana wani yaro, ya fito da kuɗi, aka ce ya zo da babba. Zuwana gida na ƙarshe na leƙa wani gidan gem da la'asar, lokacin islamiyya, na tarar da yaran da ba su wuce bakwai ba da allunansu a jingine, suna wasan satar mota da harbin 'yan sanda. Na yi wa mai wurin magana, ya ce ai Alhaji su ne kwastomomin.