Hattara da mai sayar da kibiyar "kowane baka"

Jama'a, ina so in ja kunnen masu farauta da baka, musamman waɗanda bakansu ba shi da ƙarfin ja sosai, irin laba 30 zuwa 40. Akwai wani da ke talla a shafukan sada zumunta, yana cewa kibansa na kabon zalla ne (wani baƙin abu mai ƙarfi mara nauyi da ake ƙera kibau da shi), wai kuma kibiya ɗaya ta dace da kowane baka daga laba 20 har 70. Ni ya sayar mini ungulu da kan zabo, don haka ba labari na ji ba.

Bakana laba 35 ne. Na tambaye shi taurin kibiyar da ya dace da ni, sai ya ce in ɗauki mai lamba 500, domin "ta fi mai 400 ƙarfi". Tun a nan ya kamata in gane bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani yana rainin hankali. Lambar nan ba ƙarfi take nunawa ba, lanƙwasuwa take aunawa. Ana ɗora kyauron a kan matokarai biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a ga iya yadda ya lanƙwashe. In ya sauka rabin inci, shi ne 500. Ke nan yadda lamba ta ƙara girma, haka kibiya ke ƙara laushi. Baka mai sauƙin ja yana son mai ɗan laushi, galibi 500 ko 600, gwargwadon tsawon kyauro da nauyin kai. Kai mai nauyi yana sa kibiya ta ƙara lanƙwasa lokacin saki, rage mata tsawo kuma yana ƙara mata tauri. Duk mai sayarwar da bai tambaye ka tsawon janka da nauyin kan da za ka ɗaura ba, kuɗinka kawai yake hange.

Amma kwaɗayin araha ya rufe mini ido, na tura kuɗin dozin ɗaya gaba ɗaya, don ya ce ba ya karɓar biya bayan kaya sun iso.

Da suka zo, kyau kam kamar ɗan maciji. Harbin farko daga taku ashirin, wata ta yi hagu, wata dama, wata ta tafi tana kaɗa wutsiya kamar kifi. Kwana uku ina zargin hannuna, har tsirkiya na canza. Sai na ɗauko sikelin dijital na auna su ɗaya bayan ɗaya: mafi sauƙi giram 19, mafi nauyi giram 27. A dozin na ƙwarai, bambancin ba ya kai giram ɗaya. Na kafa ƙusa biyu a jikin katako na yi gwajin lanƙwasa, wasu ko sulusin inci ba su kai ba, wasu sun kusa inci guda, alhali duk 500 aka rubuta musu. Rubutun ma takarda ce aka manna, farce na sa ta ɓare. Da na yanke ƙarshen guda biyu, cikinsu fari ne, ba kabon ba ne, faiba ce (zaren gilashi) aka shafa wa baƙin fenti.

Wanda bakansa ke da ƙarfi zai iya shanye irin wannan kuskure har wani mataki. Mu ba mu da rarar ƙarfin da za mu zubar. Kibiyar da ta isa dabba a karkace ba ta nutsewa, sai ta ji mata rauni ta gudu da shi, ka bar ta cikin azaba. Shi ya sa maharba da yawa masu ƙaramin baka ke neman kibiya mai nauyin kamar giren 10 ga kowace laba (giren ƙaramin ma'auni ne, kamar giren 15 ne giram ɗaya), wato wajen giram 23 ga baka irin nawa, da kai mai kaifi biyu da ke yanka tun daga taɓawa. Kibiyar da ta gaza giren 5 ga kowace laba kuwa, kusan sakin tsirkiya ba kibiya ne, tana iya tsaga bakan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wadda ta tsage lokacin saki. Allah ya taƙaita, tsinkenta ya karce ni a wuyan hannu kawai. Tun daga ranar ba na harba kibiya sai na ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne ina juyawa, in na ji ƙas, ta tashi daga aiki.

Na tura masa hotunan sikeli da na yankan. Ya ce bakana ne ba shi da kyau. Na nemi kuɗina, ya toshe ni. Bayan mako biyu sai ga bidiyon tallarsa, na kibiya tana huda katako, a wani sabon shafi da sabon suna, an ƙara masa alkawarin kawuna shida kyauta ga wanda ya biya kafin dare.