Ajin koyon UX na ƙarshen mako a Zoo Road: ya ci kuɗinsa kuwa?

Zanen katin biki da fosta da kalanda ne sana'ata, da CorelDRAW nake cin abinci. Tun da abokan sana'a suka ji na shiga ajin UX, wato tsara manhaja yadda za ta yi wa mai amfani da ita sauƙi, a wata cibiyar koyon kwamfuta da ke Zoo Road a Kano, tambayarsu ɗaya ce: ya ci kuɗinsa? Ya ci, amma ba ta inda muke zato ba. Yawancinmu mun je ne a koya mana Figma, manhajar da ake zana fuskar manhajoji da ita, mu fara kama aikin dala a intanet. Ana koyar da Figma ɗin, sai dai shi ne ƙaramin abin da mutum zai fito da shi.

Asabar da Lahadi ake yi, daga safe zuwa azahar, na tsawon wata uku, kuma an yarda a biya kuɗin kashi biyu. Malamar da ke jan ajin ta yi aikin tsara manhajojin kuɗi a Legas kafin ta dawo gida. Makonnin farko ba ta bari a buɗe kwamfuta. Takarda da biro kawai, sai kuma kasuwa.

Zuwa kasuwar nan shi ne ajin. Ta raba mu biyu-biyu, wasu Kantin Kwari, wasu Singa, wasu kasuwar waya ta Farm Centre. Aikin shi ne ka nemi izinin ɗan kasuwa ka tsaya kusa da shi lokacin da zai tura kuɗi ko zai duba alat, ka yi shiru, kada ka taimaka masa. Gargaɗinta kafin mu fita: "Kada ku tambayi mutum ko manhaja ta yi kyau. Bakano yana da kara, zai ce ma sha Allah ta yi, ko da ta wahalar da shi. Ku bar bakinsa, ku kalli yatsansa." Ban taɓa jin wannan a bidiyon YouTube ko ɗaya ba, domin masu yin su ba su zauna da mutanenmu ba.

A Kwari na tsaya wajen wani dattijo mai sayar da atamfa. Ba ya karanta Turanci, kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ne ya tilasta masa komawa tiransifa. Haddace wurin madannai ya yi, na ƙasa a dama, sai na tsakiya, sai lambar sirri. Na ce, "Baba, ta yaya kuke gane kuɗin sun tafi?" Ya ce, "Yaro, kore nake jira. In na ga kore, shi ke nan." Ranar da aka sabunta manhajar aka matsar da madanni ɗaya, sai da yaron shagonsa ya dawo daga masallaci sannan ya iya biyan dila. Maƙwabcinsa kuwa ya ƙi manhaja gaba ɗaya, lambar USSD ta bankinsa yake dannawa, don ba ta cin data kuma ba ta sauya kama. Wanda ya matsar da madannin can a ofis yana ganin ya gyara ne. Da muka kawo irin waɗannan labarai aji, sai ta ɗora su a kan abin da masanin UX Jakob Nielsen ya rubuta a 2000, cewa gwaji da mutum biyar yana fito da akasarin matsalolin da ke cikin tsari. Sai karatun ya zauna, tunda mun riga mun gani da ido.

Akwai wata dabara tata da nake yabawa. Mata da yawa a garin nan suna sana'a daga cikin gida, turaren wuta, zannuwan gado, kayan kicin, duk ta WhatsApp. Namiji ba zai shiga ya zauna ya kalli yadda suke karɓar oda ba. Sai ta ɗora wa ɗalibai mata wannan ɓangaren, kuma bayanan da suka kawo sun fi namu zurfi. Su suka gano cewa yawancin cinikin da saƙon murya ake yin sa, wanda ya sa ƙungiya ɗaya ta rushe fom ɗin da ta zana ta sake lale.

Ranar duba aiki ita ce mai zafi, musamman gare mu masu katin biki da muka saba da ruwan zinare a kan fari da rubutu mai lanƙwasa. Ba ta cewa abu bai yi ba. Takan tura zanen a ƙaramar wayar itel, ta ce a fita da ita rana tsaka a karanta mata. In ka dawo, sai ta nuna maka ma'aunin: bambancin hasken rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 zuwa 1, girman madanni a Android kada ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a fuskar waya). Tana kuma sa a gwada kowane salon haruffa da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma. Noto Sans na Google yana da su duka. Tambayarta kullum ita ce "me ya sa ka sa wannan a nan?", kuma "don ya yi kyau" ba amsa ba ce a wurinta. Gyara mai nauyi ba ta yin sa a gaban jama'a, saƙon murya take turo maka da daddare. Na ga ɗalibai masu kunya da ba don haka ba da sun daina zuwa.

Inda cibiyar ta gaza, ta gaza sosai. Figma a intanet yake aiki, intanet ɗinsu kuwa ba ya ɗaukar ajin gaba ɗaya, kuma in an ɗauke wuta sai a jima kafin a tayar da janareta. Kwamfutocin ba su isa ba, wanda bai zo da laftof ɗinsa ba zai yi ta leƙen na wani. Ɗalibai sun yi wa malama ɗaya yawa, mataimakanta biyu kuma Figma kawai suka iya, ba su iya jan mutum da tambaya irin tata ba. Yadda ake miƙa zane ga mai rubuta manhaja an taɓa shi ne sama-sama. Abin da ya fi damuna shi ne bayan an gama. A talla sun ce akwai jagoranci har ka samu aiki, amma da aka raba satifiket sai zauren WhatsApp ya koma na gaisuwar Juma'a. Malama tana amsawa in ka neme ta, sai dai wannan kirkinta ne, ba tsarin cibiyar ba.

Wanda Figma kaɗai yake so, kada ya kashe kuɗinsa, Figma ɗin yana da tsarin kyauta, darussa kuma sun cika YouTube. Shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ma yana da wannan fannin, kuma Google na da kwas a Coursera, dandalin karatu ta intanet, tun 2021, in Turancinka ya kai. Abin da za ka biya a nan shi ne mutumin da zai duba aikinka, ya yi maka bayani da Hausa, ya tura ka Kwari. Don haka kafin ka biya, tambaye su ko malamar nan ce za ta ja rukuninku da kanta, mutum nawa ne a ajin, kuma a rubuta maka wata nawa jagorancin zai ci gaba bayan satifiket.