Gargaɗi: jabun adon tsuntsaye na Rum ya cika shafukan sayarwa

Masu sayen kayan tarihi a Facebook da Instagram su yi hattara. Ana tallata ƙananan allunan tsuntsaye da namun daji da sunan maikuromozayik (hoton da ake haɗawa da 'yan mitsi-mitsin gutsattsarin gilas) na shekarun 1800, alhali yawancinsu ko kusa ba su kai ba.

Na ainihin aikin birnin Rum ne. Wani gwanin wannan sana'a, Giacomo Raffaelli, ya baje irinsa a 1775. Ana narkar da gilas mai launi, a ja shi ya zama siririn tsinke, a yayyanka, a jera a kan farantin tagulla ko baƙin dutse, a cike tsakani da kaki, a goge har ya yi sumul. Mai kyau yakan ɗauki gutsure 3,000 zuwa 5,000 a inci ɗaya murabba'i. Hoton da aka fi yi, kuma aka fi kwaikwayo, shi ne kurciyoyi huɗu a bakin kwano, wanda aka tono asalinsa a gidan Hadrian, sarkin tsohuwar daular Rum, a 1737.

Mafi arhar damfarar ita ce a buga hoto a takarda, a zuba masa ruwan roba ya daskare. Ɗora madubin maƙeran zinariya mai ƙara girma sau 10. Gilas na gaske kowane gutsure da gefensa, da ɗan layin kaki a tsakani; bugaggen hoto kuwa ɗigo-ɗigon tawada za ka gani, layukan ma zana su aka yi. Duba gashin tsuntsun musamman, nan ne maƙaryaci ke kasawa.

Wasu kuma gilas ne da gaske, amma tsarabar 'yan yawon buɗe ido ce ta ƙarni na 20: gutsattsarin manya, fuskar da kaushi, gidan na farin ƙarfe ko tagulla mai arha. Juya bayansa. In ka ga “Made in Italy”, ba na zamanin Raffaelli ba ne, domin sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 buga sunan ƙasa da Turanci a kayan fitarwa ya zama ruwan dare.

Akwai wanda ma ba shi da kayan. Hoto ya sato daga kundin gwanjo, ya karya farashi, ya ce a tura kafin alƙalami yau-yau. Nemi bidiyo, gaba da baya, da takarda mai kwanan watan ranar a gefe. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka, ka kai ƙarar shafin.