Pentax K1000 ta hannu: kyamara ce ta ƙwarai, amma ta cinye mini hotunan kamun ƙanwata

Cikin abokanmu masu yawo da kyamarar fim kowa da tasa. Akwai mai Canon AE-1 da ba ya son a kushe ta ko da wasa, akwai mai Olympus OM-1 saboda ƙanƙantarta, akwai kuma wanda ya gaji Yashica wajen mahaifinsa, irin wadda masu hoton biki suke ratayawa a da. Ni K1000 na zaɓa, don ba ta dogara da batir ba. AE-1 in batirinta ya mutu shi ke nan, ko ka danna ba za ta ɗauka ba. K1000 kuwa ɗan batirin LR44 da ke cikinta ma'aunin haske kaɗai yake yi wa aiki. An yi ta ƙera ta daga 1976 har 1997, kuma tawa ta farko-farko ce, mai rubutun Asahi a goshi da saman ƙarfe, ba irin ta baya da aka haɗa a China da saman roba ba.

Ta hannu na saya. Ban ja ciniki ba, saboda mai sayarwar ya rantse mini cewa an buɗe ta, an duba ta tsaf, har an gwada ta da fim.

Ranar kamun ƙanwata na sa wa kyamarar fim ɗin Kodak Gold 200 mai ɗaukar hoto 36. La'asar ce, hasken tsakar gida ya yi laushi, amarya da ƙawayenta sun sha lalle. Kakarmu, wadda ba ta yarda a ɗauke ta hoto da waya, da ta ga kyamarar a wuyana sai ta ce, “Wannan irin ta da ce, zo ka ɗauke ni da jikata.” Ta gyara mayafi, ta kama hannun amarya. Na daidaita a nitse, na danna, na ji ƙarar nan mai daɗi, raina fari tas.

Fim ɗin sai da na aika Legas aka wanke, don ban samu wanda na amince da hannunsa a kusa ba. Da aka turo mini hotunan sai gabana ya faɗi. Wani jan zane mai ruwan lemo ya ratsa kusan kowane hoto daga sama har ƙasa, kuma a wuri ɗaya. A hoton Hajiya kakarmu ta kan fuskarta ya bi. Hannuwan nan biyu sun fito sarai, har zanen lallen ana gani, amma fuskar tsohuwa ta ƙone ƙurmus. Wallahi daren nan ban iya cin abinci ba.

Na kira mai sayarwar. “Yallaɓai, masu wanki ne suka ɓata maka,” in ji shi. Da nagatif, wato wankakken fim ɗin, ya iso na ɗaga shi a haske, na ga tabon ya wuce iyakar hoton har kan ramukan gefen fim, yana maimaita kansa bi da bi, alamar haske ne ya shiga cikin kyamarar. Na tura masa, ya karanta, ya yi shiru. Daga baya ya ce ai kayan hannu ba a mayarwa.

Wani dattijo da ya daɗe yana gyaran kyamara aka kwatanta mini. Yana buɗe murfin baya ya ce, “Ɗana, matso ka gani.” Ya sa tsinke cikin kwarin da murfin yake zama, ya zaro wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Soson da ke tare haske ne ya narke, musamman wajen maƙalin murfin. Ya ce hasken da ya shiga ta baya sai ya ratsa jikin fim kafin ya taɓa hoton, shi ya sa yake fitowa ja. Ya goge wurin da sifirit, ya yanka sabon soso siriri ya manna, ya canja har na saman madubin ciki. Abin da na biya shi bai kai kuɗin fim ɗaya ba. Nan ne raina ya ƙara ɓaci: gyaran da bai taka kara ya karya ba, kuma duk wanda ya buɗe bayan nan da gaske ba zai kasa gani ba.

Bayan gyara, gaskiya ba ni da abin cewa sai yabo. Na kai ta marinar Ƙofar Mata, shuɗin baba da fatar hannun marina suka fito da wani ɗumi da wayata ba ta taɓa ba ni ba. Idonta na SMC Pentax-M 50mm f/2 kaifi gare shi. In ka leƙa, allurar ma'aunin haske ɗaya ce a gefen dama, ka juya har ta tsaya tsakiya, ka danna. Ran da batirin ya ƙare ma ban tsaya ba, na ajiye buɗin ido a f/16, saurin ɗauka a 1/250 a tsakar rana, hotunan suka fito lafiya lau. Batirin dai yana saurin ƙarewa in ka bar idon ba murfi, don ma'aunin ba shi da makunni. Tana da nauyi a wuya, kuma ba ta da agogon ɗaukar kai.

Sai dai kyan hotunan marina shi ne yake tayar mini da tsohon ciwo, don yanzu na san yadda na kamun za su fito da an canja soson nan. Biki ba a maimaita shi, Hajiya kuma ba kullum take cewa a ɗauke ta ba. Ta tambaye ni hotonta, na nuna mata na hannuwan, ta duba ta ce, “To ina ni?”

Mai son K1000 ya saya, amma ya buɗe bayanta a gaban mai shago, ya shafa soson da yatsa, in ya maƙale a rage masa kuɗin gyara. Shi kuwa wanda ya rantse mini an gwada ta, ko haƙuri bai ba ni ba, kuma duk abokin da ya tambaye ni inda na saya ina gaya masa abin da ya faru daga farko har ƙarshe.