Harsashi mai fashewa da mai ratsawa: wanne ya fi barin fatar koyoti lafiya?

Salamu alaikum ƙanena. Ka ce kana North Dakota a Amurka, kana da bindigogi biyu, .22-250 da kuma .243, koyotin wajenku (dabbar nan mai kama da dila) sun waye basa matsowa sai su tsaya can yadi 350 ko 400 suna kallonka, kuma kana son harsashin da zai kayar da su daga wannan nisan ba tare da ya yaga fatar ba tunda sayarwa kake. Toh bari in faɗa maka tun farko, abu biyu ka haɗa waɗanda basa jituwa sosai, nisa da kyan fata, dole ka zaɓi wanda zaka fifita.

Hanya biyu ce ake bi wajen kare fata. Ta farko harsashi ya shiga ta ƙaramar kafa ya tarwatse a cikin ƙirji kar ya fita. Ta biyu ya shiga ya ratsa ya fita amma ba tare da ya buɗe sosai ba, ƙofa biyu ƙanana. Duk gardamar da kake ji mafarauta suna yi akan waɗannan biyun take.

Na farkon su ne irin su Hornady V-MAX, Nosler Ballistic Tip Varmint da Sierra BlitzKing. Rigarsu ta jan ƙarfe siririya ce, ciki dalma mai laushi, a baki kuma ɗan tsinin roba wanda idan ya daki nama yake komawa ciki ya fasa harsashin. Koyotin yammacin Amurka ƙaramar dabba ce, yawanci kilo 11 zuwa 15, gashi ne yake sa ka ganshi kamar babba, dan haka harsashi mai giren 50 ko 55 (giren shine ma'aunin nauyin harsashi) daga .22-250 idan ya shiga ta bayan kafaɗa tsakanin haƙarƙari, huhu ya narke, dabbar ta faɗi a inda take, ka juya ta baka ga kafar fita ba, wani lokacin ma sai ka buɗa gashi kafin ka ga inda ya shiga. In ya yi aikinsa yadda ya kamata wallahi babu abinda ya kaishi kyau.

Matsalarsa wuri biyu take, kusa sosai da kuma nesa sosai. Giren 55 yana fita daga .22-250 da gudun wajen ƙafa 3,680 a sakan, kaga idan koyoti ya faɗo maka a yadi 60 ko 80 ka samu ƙashin kafaɗa, harsashin a saman fata zai fashe bai shiga ba, ya bar rami mai faɗi marar zurfi, fata ta lalace kuma dabbar ta iya tashi da gudu da rauni. A nesa kuma abin juyawa yake, a yadi 400 gudun ya sauko wajen 2,200, a 500 ya gaza 1,900. Hornady sun ce V-MAX yana tarwatsewa har a gudun 1,600, amma tarwatsewar ba irin ta kusa ba ce, sai ya buɗe rabi da rabi ya samu ƙarfin fita ta ɗaya gefen, kuma irin wannan fitar ita ce mafi muni dan manyan gutsattsari ne suke yaga fatar. Sannan ga iska, kai da kake Dakota ba sai an faɗa maka ba, iskar mil 10 a awa daga gefe tana ture giren 55 fiye da ƙafa ɗaya a yadi 400, alhali wurin da kake son samu a ƙirjin bai fi faɗin tafin hannu ba sosai, da zarar ka kuskure lissafin iska kaɗan sai ka samu ciki ko cinya, fatar ciki kuwa siririya ce tana yagewa da sauƙi.

Na biyun, masu ratsawa. Anan akwai Barnes TSX da TTSX waɗanda gaba ɗaya jan ƙarfe ne, akwai Sierra GameKing giren 55 ko 65, da Nosler Partition giren 60. Waɗannan basa tarwatsewa, bakinsu ne yake buɗewa su riƙe nauyinsu su wuce. Kusan kullum zaka samu ƙofa biyu, amma ta fitar yawanci ƙarama ce mai tsafta wadda zare da allura ke rufewa cikin minti kaɗan, kuma abinda yafi burge ni da su shine halinsu ɗaya ne, ko a yadi 70 ko a 350, ko an samu ƙashi ko ba'a samu ba, kasan abinda zaka tarar. Illarsu ita ce koyoti yakan ɗan yi gudu kafin ya faɗi tunda harsashin ya fita da sauran ƙarfinsa, a kan dusar ƙanƙara bin sawun jini ba wuya, a cikin ciyawa mai tsayi kuwa zaka iya rasa shi. Kuma tunda yana wucewa dole ka san abinda ke bayan dabbar, shanun mutane ko gida ko hanya. Na jan ƙarfe zalla kuma suna son gudu kafin su buɗe, in nisa yayi yawa sai su wuce kamar ƙusa.

Akwai waɗanda suke ɗauko na gasar harbi, Sierra MatchKing giren 69 ko 77, ko Hornady ELD Match giren 75, saboda dogaye ne suna yanka iska sosai fiye da V-MAX. A wajen samun inda ka nufa daga nesa sun fi duka, wannan ba musu. Amma ba dan farauta aka ƙera su ba, Sierra da kansu basa bada shawarar MatchKing a yawancin farauta, yau ya wuce bai buɗe ba gobe ya kife a ciki ya fita ta gefe ya yi ɓarna. Kuma kafin ka kashe kuɗinka duba murɗin cikin bututun bindigarka, yawancin tsofaffin .22-250 zagaye ɗaya ne a inci 14, wannan bazai iya daidaita dogon harsashi ba, giren 75 da 77 suna buƙatar ɗaya a inci 8. Ko TSX ma saboda jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba yafi tsawo, dan haka a bututun 14 sai dai ƙananan nauyin.

FMJ kuwa, wanda rigar ta rufe bakinsa gaba ɗaya, wasu zasu ce maka shine maganin fata. Ni dai ban yarda ba kuma ina roƙonka ka barshi. Yana huda dabba ya wuce ta tafi ta mutu can bayan awanni cikin wahala, kai baka samu fata ba ita bata huta ba, kuma mu an hore mu da cewa in zamu kashe mu kyautata kisan. Ga shi yana tsalle in ya daki daskararriyar ƙasa.

Ita .243 ɗinka tafi ƙarfin iska a yadi 400 zuwa sama, amma ta yiwa koyoti yawa in fata ake so. Giren 58 na V-MAX a cikinta yana ɓarna sosai a kusa. In dole da ita zaka fita, sa mai tauri kamar TTSX giren 80 ko GameKing giren 85 ka shirya yin ɗinki.

Da ni ne kai, .22-250 zan riƙe da giren 50 ko 55 na V-MAX ko Ballistic Tip, in tsayar da kaina a yadi 300, in jira ya bani gefe in sa bayan kafaɗa, ko in yana fuskantata in sa tsakiyar ƙirji inda harsashin yake da tsawon jiki duka da zai tsaya a ciki. Ranar da iska ta tashi ko kasan filin buɗaɗɗe ne basa matsowa, sai ka koma mai ratsawa ka yarda da ƙofa biyu. Kuma ka ƙara ƙoƙari wajen kiran koyotin su matso da zama ta inda iska bata kai musu warinka, yadi 100 da ka rage yafi duk canjin harsashin da zaka yi.

Ka tuna kuma kasuwar ta sauya, NAFA, kamfanin gwanjon fatu na Arewacin Amurka, ta durƙushe a 2019, kamfanin rigunan sanyi na Canada Goose kuma a 2021 suka sanar zasu daina amfani da gashin dabba, farashi ya faɗi, masu saye sun ƙara tsanani wajen tantancewa, fatar Nuwamba zuwa Janairu mai haske da cikar gashi ita ke tafiya. Ka wanke jinin da ruwan sanyi da wuri, ka ɗinke kafar daga ciki kafin ka shanya a katako. In kuma wata rana farauta ta kaika Kalifoniya, tun 1 ga Yuli 2019 an hana harsashin dalma a duk farauta a can, sai na jan ƙarfe ko irin Barnes Varmint Grenade wanda babu dalma a cikinsa. Ka gwada kala biyu a takarda a yadi 100 da 300 ka ga wanda bindigarka ta fi tarawa wuri ɗaya kafin ka sayi da yawa. Allah ya bada sa'a.