Devil's Lake ko Mirror Lake: ina za a kafa tanti da iyali kusa da Baraboo?

Malam, ka ce kana zaune a Madison da maiɗakinka da yara uku, autan bai cika shekara biyar ba, kuna son gwada kwana biyu a tanti cikin watan Yuli. An ambata maka Devil's Lake da Mirror Lake, ka rasa wanda za ka ɗauka. Shawarata ita ce ku kwana a Mirror Lake, ku je ku yini a Devil's Lake.

Duka biyun gandun shaƙatawa ne na gwamnatin jihar Wisconsin, a kewayen garin Baraboo, tafiyar kusan awa ɗaya daga Madison. Tsakaninsu kamar minti 20 ne a mota. Idan ka sayi sitikar shekara, da ita motarka za ta shiga kowanne, kuɗin filin tanti kuma daban ake biya.

In kallo ake magana, Devil's Lake ba shi da na biyu a yankin. Tun 1911 aka buɗe shi, kuma duk jihar babu gandun da ya kai shi baƙi. Tafki ne mai eka 360 da ke kwance tsakanin jerin duwatsu masu tsayin kusan mita 150. Dutsen ja-ja ne mai tsananin ƙarfi, masana na ba shi shekara biliyan 1.6. A da can kwazazzabon kogi ne, ƙanƙarar da ta taɓa rufe arewacin Amurka ta turo ƙasa da tsakuwa ta toshe bakinsa biyu, ruwa ya tsaya a tsakiya. Hanyar da ke hawa dutsen gabas zuwa Balanced Rock, wani ƙaton dutse da ke tsaye a kan siririn gindi, matakala ce da aka jera da dutsen wurin, wani matakin ya kai gwiwar babba, kuma da an ɗan yi yayyafi sai santsi. A can sama babu shinge. Autanka ba zai bar hannunka ba ko na minti ɗaya, wannan ba abin wasa ba ne. Mai ƙananan yara gara ya bi hanyar Tumbled Rocks, wadda ke bin gaɓar yamma a shimfiɗe, ruwa a gefe ɗaya, tarin manyan duwatsun da suka gangaro a ɗaya gefen. Wuraren iyo biyu ne, arewa da kudu, masu faɗi, ruwan ba zurfi a baki, kuma an hana jirgi mai injin fetur.

Matsalar tana wajen kwana. Filayen tanti 423 ne a sansani uku, amma ko ɗaya babu a bakin ruwa. Sansanin Quartzite shi ne mafi kusa da tafkin, yana da lantarki, sai dai tsohon filin wasan golf ne, inuwa kaɗan, maƙwabcinka na ganin abin da ke cikin tukunyarka. Ice Age yana cikin kurmi, ya fi sirri, amma ya fi nisa da tafkin, da yara sai an shiga mota. Northern Lights na tsakaninsu. Ranar Asabar ta bazara kuwa gaɓar arewa kamar ranar kasuwa take, mutanen Madison da Milwaukee da Shikago duk sun hallara, kafin azahar wurin ajiye mota ya cika. Ana buɗe rajistar filaye ta intanet tun saura wata 11, kuma ƙarshen makon Yuli a nan shi ake fara wawashewa.

Mirror Lake ƙarami ne, bai kuma yi suna kamar ɗan'uwansa ba. An buɗe shi a 1966. Tafkin eka 137 ne, siriri, dam ɗin da aka yi wa rafin Dell Creek ne ya haifar da shi, kuma bangon dutsen yashin da ke gefensa bai wuce mita 15 ba. Doka ta hana kowane jirgi gudun da zai tayar da igiyar ruwa, ga duwatsu da itatuwa sun tare iska, shi ya sa ruwan ke kwance lumui. Ko wanda bai taɓa riƙe filafili ba, zai iya hayar kwalekwale a nan, ya sa wa yara rigar ruwa, ya shiga lungun da duwatsun suka matse ba tare da gabansa na faɗuwa ba. Filayen tanti 151 ne a Sandstone Ridge da Cliffwood da Bluewater Bay, akasarinsu cikin itatuwa, da ɗan kurmi tsakanin fili da fili. Wannan ɗan kurmin shi ne babban dalilina. Uwargida za ta fito alwalar asuba ko ta zauna ta sha iska ba idon jama'a a kanta, kuma tunda ba a hana shan giya a gandayen jihar ba, tazara da maƙwabci na da amfani da dare.

Shi ma da nasa aibin. Babbar hanyar I-90/94 ta ratsa ta kusa, idan dare ya yi tsit za ka ji gurnanin manyan motoci. Wurin iyonsa ƙarami ne, ruwan bai kai na Devil's Lake haske ba, kuma babu ƙololuwar da za ka hau ka hango ƙasa. Ga garin Wisconsin Dells da wuraren wasan ruwansa kilomita biyar kacal, in yara suka gano haka aljihunka zai ji a jikinsa.

Sauran ƙa'idoji ɗaya ne a duka biyun. Kowane fili na da tebur da murhun ƙarfe. Ka zo da naka ragar gashi ko ka shimfiɗa takardar alminiyam, don ba ka san abin da na gabanka ya gasa ba, naman halal kuma ka sayo tun daga Madison a kula. Kada ka ɗauko itace daga gida: an hana shigo da wanda aka saro daga nisan da ya wuce mil 10, sai mai shaidar hukuma, saboda ƙwarin da ke kashe itatuwa. Ana sayarwa a wurin. Akwai banɗaki da shawa, buta dai taka ce. Alƙibla arewa maso gabas take, magariba a farkon Yuli sai bayan takwas da rabi, alfijir kuma kafin ƙarfe huɗu, ga dokar hana hayaniya daga 11 na dare. Abinci ya kwana a but ɗin mota, domin akwai wata 'yar dabba da ake kira rakun, da ta iya buɗe murfin kula da hannu. Kowane dare kuma a duba jikin yara, bayan kunne da hammata da bayan gwiwa, saboda kaska. Ta nan ƙarama ce ƙwarai, kuma tana ɗauke da cutar Lyme.

Da yaranka matasa ne masu son hawan dutse, ko da tsakiyar mako za ku je a ƙarshen Satumba lokacin da ganye ya fara ja, da na ce ka kama fili a Ice Age. Yadda kuke yanzu, ku tashi daga Mirror Lake da sassafe, ku isa Devil's Lake kafin tara, ku bar shi idan rana ta take. Da la'asar ku biya cibiyar International Crane Foundation, tsakanin Baraboo da Dells, wadda aka kafa a 1973. Tana da duk nau'o'i 15 na dangin gauraka da ke duniya, har da gaurakan fadamun ƙasar Hausa da tafkin Chadi mai tukkun zinariya, wanda yaran da aka haifa a nan ba su taɓa gani ba. Ranar komawa ku bi hanya mai lamba 113 ta Merrimac, inda jirgin fito ke tsallaka kogin Wisconsin da motoci kyauta cikin kamar minti bakwai. Yammacin Lahadi akan yi layi, don haka ku kwance tanti da wuri.